ƘWAYAR DA KE CETON YATSU A ASIBITI TA ZAMA GUBA A TASHA

Duk ɗan Arewa da ke bin hanyar Lakwaja zuwa Ikko ko Badun ko Anacha, idan motarsu ta bar Gwagwalada ta wuce Kwali, kafin ta kai Abaji sai ta ratsa wani gari ana ce da shi Yangoji. Yawancin matafiya ba su san cewa a gefen garin nan akwai wata unguwa mai suna Alheri ba, inda hukumar Birnin Tarayya ta tsugunar da mutanen da kuturta ta nakasa, a zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja. Da yawa daga cikin mazauna wurin sun sha magani, ƙwayar cutar ta mutu a jikinsu tuntuni, ba su iya sa wa kowa ita. Abin da ya rage musu shi ne ɓarnar da ta riga ta yi, watau dungulmin hannu, da gyambon tafin ƙafa, da idon da ba ya rufuwa.

Dalilin ɗauko zancen Yangoji shi ne, akwai wata 'yar farar ƙwaya mai araha, sunanta firednisolon, wadda idan aka ba da ita a kan kari, bisa ƙa'ida, takan hana irin wannan nakasa aukuwa ga mutane da dama. To, wannan ƙwaya da 'yar'uwarta deksametason, wadda aka fi sani da deksa, su ne kuma ake sayarwa kamar gyaɗa a tashoshin mota da unguwannin Hausawa na Kudu, ana sha don ciwon jiki, ko don neman ƙiba. Magani ɗaya ne, amma a hannun malamin asibiti yana ceton yatsu, a farantin mai talla kuwa yana rushe lafiyar ƙato. Bambancin duka yana ga abu uku: wace cuta aka bayar dominta, nawa aka bayar, kuma yaushe za a daina.

Ya kamata a fara sanin yadda kuturta take cin mutum. Wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen shi ya gano ƙwayar cutar cikin 1873. Takan zauna a fata da kuma jijiyoyin da ke kai saƙon ji da motsi zuwa hannu da ƙafa da fuska, tana iya yin shekara biyar ko fiye kafin ta nuna alama. Tun farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da haɗin magani iri uku da ke kashe ta, ana sha wata 6 ko wata 12 gwargwadon ƙarfin ciwon, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi ko'ina a duniya. Wanda ya fara sha ya daina yaɗa cutar.

Amma fa kashe ƙwayar cuta daban, kare jijiya daban. Wani lokaci, kafin a fara magani ko ana cikin sha ko ma bayan an gama, sai garkuwar jiki ta yi bore, ta far wa ƙwayoyin cutar, rayayyu da matattu, inda suke kwance cikin jijiya. Sai tabon fata ya kumbura ya yi ja, jijiyar gwiwar hannu ko ta bayan gwiwar ƙafa ta yi kauri tana zogi, ƙaramin yatsa ya fara mutuwa, ƙafa ta riƙa jan ƙasa. Idan aka yi sakaci jijiyar ta mutu, hannu ya daina jin zafin wuta, ƙafa ta daina jin ƙaya da ƙusa. Daga nan sai ƙuna da rauni su yi ta maimaituwa, ƙashi ya ruɓe, yatsu su gutsuttsure. Ashe ba cutar ce ke cinye yatsu da bakinta ba, kamar yadda jama'a suka ɗauka.

A nan ne firednisolon yake aikinsa. Ba ya kashe ƙwayar kuturta ko kaɗan, aikinsa kwantar da boren jiki ne, kumburin jijiya ya sace kafin ta shaƙe. Tsarin da aka daɗe ana bi ga babban mutum shi ne a fara da miligiram 40 kowace safiya har mako biyu, sa'an nan a sauko 30, sai 20, sai 15, sai 10, sai 5, kowanne mako biyu, jimla mako 12. Daga baya masana sun ga cewa jan lokacin zuwa mako 20 ya fi amfani ga mutane da yawa. Kafin a fara akan bincika ko mutum yana da tarin fuka, ko ciwon sukari, ko hawan jini, ko gyambon ciki, a kuma ba shi maganin tsutsar ciki, domin duk waɗannan sukan tsananta idan an sha ƙwayar. Idan lalacewar jijiyar ba ta wuce wata 6 ba, fiye da rabin jijiyoyin sukan farfaɗo. Idan ta daɗe fiye da haka, da wuya magani ya maido da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To mene ne asalin wannan magani? A kan kowace ƙoda ta ɗan Adam akwai wata 'yar tsoka ƙarama da ke fitar da wani sinadari kullum, musamman da asuba, wanda ke daidaita sukari da ƙarfin jini, ya kuma rage kumburi. Cikin watan Satumba na 1948, a asibitin Mayo na Amurka, Dokta Philip Hench ya yi wa wata mata mai tsananin ciwon gaɓɓai allurar irin wannan sinadari, ana kiransa kotizon. Matar da ba ta iya juyawa a gado sai ga ta tana tafiya cikin 'yan kwanaki. Cikin 1950 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Edward Kendall da Tadeus Reichstein. Amma murna ba ta daɗe ba likitoci suka lura cewa waɗanda suka zarce da sha fuskarsu tana kumbura, ƙashinsu yana rauni, jininsu yana hawa, kuma da an tsaya ciwon ya dawo. Firednisolon da deksa, waɗanda aka fitar cikin shekarun 1950, jikokin kotizon ne da suka fi shi ƙarfi nesa, deksa kuma ya ninka firednisolon ƙarfi wajen sau shida zuwa bakwai.

Tun daga wancan lokaci darasin bai sake ba: a ba da shi inda aka tabbatar yana da amfani, a kuma yanka masa wa'adi. Mai asma da numfashi ya sarƙe masa akan ba shi na kwana 5 zuwa 7 a tsaya. Wanda ya wayi gari ɓarin fuskarsa ya karkace saboda kumburin jijiyar fuska, idan an tabbatar ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, akan ba shi na kwana 10, kuma an fi so a fara cikin kwana uku na farko. A watan Yuni na 2020, lokacin annobar korona, masu bincike na Jami'ar Oxford a Ingila suka nuna cewa deksa miligiram 6 a rana har kwana 10 ya rage mace-mace da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar taimakon numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ake sa wa iskar oksijin. Ga waɗanda ciwonsu bai kai haka ba kuwa, bai amfana musu kome ba.

Akwai misalin da ya shafi Nijeriya kai tsaye. Cikin 2020 aka bayyana sakamakon wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya a asibitoci 29 na Nijeriya da Kenya da Indiya da Pakistan da Bangaladesh, a kan mata 2,852 da haihuwa ta zo musu kafin lokaci. An yi wa rabinsu allurar deksa har sau huɗu, tsakanin kowace awa 12, don huhun jariri ya yi ƙwari. Mutuwar jarirai ta tsaya a kashi 19.6 cikin ɗari, alhali a ɗaya rabin ta kai kashi 23.5. Sai dai shekaru biyar kafin nan, wani babban bincike a ƙasashe shida, har da Kenya da Zambiya, ya gwada baza wannan allura a ƙananan wuraren haihuwa inda ba a iya tantance watannin ciki sosai. Abin da ya fito shi ne mutuwar jarirai ta ƙaru, cututtuka kuma suka ƙaru ga iyaye mata, domin an yi wa da yawa waɗanda ba su bukata.

Haka nan zancen zazzaɓin cizon sauro. A da likitoci sukan ba da deksa ga wanda zazzaɓi ya hau masa ƙwaƙwalwa, bisa zaton zai rage kumburi. Dokta David Warrell, wanda ya yi aiki a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a farkon shekarun 1970, shi da abokan aikinsa suka gwada abin a kan majiyyata 100 a ƙasar Tailan, suka bayyana cikin 1982 cewa maganin yana tsawaita doguwar suma, yana ƙara ciwon huhu da zubar jini a ciki. Aka daina. Idan har manyan likitoci sai da suka auna suka ga illa kafin su gane inda maganin nan bai dace ba, ina ga yaron da ke yawo da farantin ƙwayoyi a ka cikin rana?

Yanzu a dubi abin da ke faruwa a Agege da Idi-Araba da kasuwar Mile 12 a Ikko, da Sabo ta Badun da ta Shagamu, da sauran zangon 'yan Arewa. Ɗan dako ya wuni yana sauke buhunan albasa, mai turin baro da ɗan ga-ruwa sun yini a ƙafa, da almuru kowa gaɓoɓinsa suna ciwo. Sai a nufi kemis ko mai talla a ce a ba da haɗi na ciwon jiki. A ƙulla ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, babu suna babu takarda, sau da yawa a ciki akwai deksa ko firednisolon tare da magungunan kashe zogi masu cin bangon ciki. Da safe mutum ya tashi garau, har da ƙarin cin abinci, ya ce lalle wannan mai magani ya san aiki. Gobe ya koma, jibi ya koma, har abin ya zama kamar shayin safe.

Mata kuma an shigo musu ta wata ƙofa. Budurwa tana shirin aure, ko matar aure tana gudun a ce mijinta ba ya ciyar da ita, sai a kawo mata ƙwayar ƙiba, wadda wasu ke kira sha-ka-fashe. Abin da ke taruwa ba ƙibar lafiya ba ce. Ruwa ne da kitse a fuska da wuya da tumbi, hannuwa da ƙafafu kuwa suna ƙara sirancewa, ga nankarwa, ga rikicewar al'ada. Dangin maganin nan suna cikin mayukan sa fari da yawa, abin da ya sa cikin 2023 shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ce sauya launin fata ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Suna kuma cikin wasu magungunan ɗigawa a ido da ake saya don jan ido ko ƙaiƙayi, waɗanda idan an daɗe ana ɗigawa sukan jawo yana, ko gilakoma mai kashe jijiyar gani ba tare da sallama ba. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Kada a ɗauka sai an yi watanni ana sha illa take zuwa. Cikin 2017 masu bincike na Jami'ar Mishigan suka duba bayanan mutum wajen miliyan ɗaya da rabi a Amurka, suka tarar cewa ɗaya cikin biyar an rubuta masa irin wannan magani na ɗan gajeren lokaci a tsawon shekara uku. Cikin kwana 30 na farko bayan an fara sha, haɗarin ƙwayoyin cuta su mamaye jini ya ninka wajen sau biyar, na daskarewar jini a jijiya sau uku, na karayar ƙashi kusan sau biyu. Waɗannan fa likita ne ya rubuta musu. Mai ciwon sukari sukarinsa kan hau cikin 'yan kwanaki, mai sikila kan iya samun tashin ciwo bayan ya daina, tarin fuka da ke kwance kan farka. Kuma idan mutum ya wuce mako uku yana sha kullum, 'yar tsokar nan ta kan ƙoda takan yi barci ta daina aikinta. Ranar da ya yanke sha farat ɗaya sai kasala da amai da jiri, jini ya faɗi, wani ma ya rasa ransa.

Wani zai ce, ai magana ce ta wanda ya ƙoshi. Talakan da ke cin abin da ya samo a yini, idan ya tafi asibitin gwamnati ya rasa aikin ranar, ya biya kuɗin kati, ya bi layi, ga shi ba ya jin Yarbanci ko Turanci balle ya yi bayanin ciwonsa. Mai kemis kuwa ɗan'uwansa ne, yana jin yarensa, har bashi yake ba shi. Wannan gaskiya ce, kuma duk gyaran da bai lura da ita ba ba zai je ko'ina ba. Amma arahar yau ita ce tsadar gobe. Wanda ya guji rasa aikin yini ɗaya, idan gyambon ciki ya fashe ko ƙashin ƙugu ya lalace, aikin shekara zai rasa, a ƙarshe a yi masa karo-karo a sa shi a mota a mai da shi gida. Mai kemis kuma ba a ce ya rufe shago ba. Doka ta ba shi izinin sayar da ƙananan magunguna, amma dangin kotizon na sha da na allura ba su cikin abin da ya halatta a bayar ba tare da takardar likita ba.

Akwai inda zancen tasha da zancen Yangoji suke haɗuwa, kuma nan ne ya fi shafar mazauna Kudu. Kuturta ba ta ƙare ba. Ko da yake Nijeriya ta kai matsayin da ake cewa an shawo kanta tun 1998, cikin 2023 kaɗai an sami sababbin masu ita fiye da 2,000. Mutum yana ci-rani sai ya ga wani tabo mai haske a bayansa ko a hannu, ba ƙaiƙayi, ba gumi, ba ya jin taɓi. Ya zaci makero ne ko ƙyasfi, ya sayi man shafawa mai kotizon a ciki, jan ya ɗan lafa, cuta kuwa tana nan tana aiki a jijiya. Wani ya gane ko mene ne amma kunya ta hana shi faɗa. Wani ya fara magani a gida, damina ta wuce ya taho Kudu ya bar katinsa. Wani kuma an taɓa ba shi firednisolon a asibiti ya ji daɗinsa, sai ya riƙa saye da kansa duk lokacin da zogi ya taso, har ya shekara a kai, ya tsira da yatsu ya kamu da sukari. Alhali kuwa shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta na Gwamnatin Tarayya yana aiki a jihohin Kudu kamar yadda yake a Arewa, kuma akwai jami'insa a ƙananan hukumomi. Ba sai an koma Yadakunya a Kano, ko Amanawa a Sakkwato, ko Saye a Zariya ba.

Saboda haka nauyi na farko yana wuyan hukuma. Fakitin maganin kuturta na kyauta ba ya ɗauke da firednisolon, don haka wajibi ne Ma'aikatar Lafiya ta tabbatar duk ɗakin shan maganin da ke ba da wancan yana da wannan a ajiye, kyauta, tare da ma'aikacin da ya iya gwada jijiya kowane wata. Abin da ya faru cikin 2024, lokacin da maganin kuturta ya yi wajen shekara bai shigo ƙasar nan ba sai a watan Maris na 2025, bai kamata a sake ganinsa ba, domin kowane wata na jinkiri yatsun wani ne. Hukumar NAFDAC da Majalisar Masu Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya kuma su bi manyan dilolin da ke sayar wa 'yan talla katan-katan, maimakon su tsaya kan yaron da ke yawo da faranti.

Nauyi na biyu yana kan sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, da shugabannin kasuwa da na tasha. Su ne ake jin maganarsu. Suna iya neman asibitin da ke kusa ya ware rana guda a wata tare da tafinta, suna iya tara masu kemis na unguwa a yi yarjejeniya cewa an daina sa deksa cikin haɗi, suna kuma iya sanar da jama'a cewa kuturta cuta ce mai magani kamar kowace, ba abin ɓoyewa ba ce.

Na uku yana kan mai sha. Duk wanda aka miƙa wa ƙwaya yana da hakkin ya tambayi sunanta, da cutar da aka ba shi dominta, da ranar da zai daina. Maganin da mai bayarwa ya kasa amsa waɗannan tambayoyi uku a kansa, a bar masa abinsa. Wanda likita ya ɗora a kan tsari, ko na kwana biyar ne ko na mako ashirin, ya bi shi daidai, ya sha da safe bayan ya ci abinci, kada ya ƙara kada ya rage, kada kuma ya ba maƙwabci ragowar. Wanda kuwa ya riga ya yi makonni yana shan deksa ko haɗi kullum, kada ya yanke yau don ya karanta wannan shafi. Ya ɗauki ledar ko kwalin ya kai asibiti, a auna jininsa da sukarinsa, a sauko da shi sannu a hankali. Mai tabon da ba ya jin taɓi, ko yatsan da ya fara mutuwa, shi kuma kada ya jira sai ya je gida da Salla, domin wata shida ba ta da wuyar cika. In kunne ya ji, jiki ya tsira.